Gadon gida ya raba mu da Yayanmu, wa za mu kai wa kuka?

Admin: Assalamu alaikum 'yan zaure. Wata 'yar uwa ce ta turo wannan, ta ce a ɓoye sunanta. A ba ta shawara cikin ladabi. Ban da zagi, ban da tambayar unguwa.

Mai saƙo: Salamu alaikum. Don Allah shawara nake nema, abin ya kai ni maƙura. Mahaifinmu ya rasu a 2019, Allah ya jiƙansa. Ya bar mata biyu da mu 'ya'ya bakwai. Ɗakin Hajiya, uwargida, maza biyu mata biyu. Ɗakin Mamanmu ni da ƙanwata da autanmu namiji, yana ƙaramar sakandare yanzu. Abin da ya bari gida ne a cikin Kano, da shaguna uku a jikinsa ta bakin titi. Har yau ba a raba ba. Babban Yayanmu ne ke karɓar kuɗin hayar shagunan, ba mu taɓa ganin lissafi ba. Da farko in Mama ta ɗaga maganar sai ya ce ko ƙasar kabarin Baba ba ta bushe ba ake zancen gado. Yanzu kuma ya ce ai Baba ya ba shi shagunan tun yana raye.

Zaman gidan ya lalace. Hajiya da Mama ba sa ga maciji. An raba mita, an raba murhu. Da ƙaramar sallah Mama ta zuba tuwo da miyar taushe ta ba auta ya kai ɗakin Hajiya, aka dawo da kwanon ko murfin ba a ɗaga ba. Mun kai wa Baffa, ƙanin Baba, ya ce mu yi haƙuri, wai kuma abin kunya ne mace tana ɗakin miji tana tada zancen gado. Maigidana ya ce in kai kotu. Mama tana tsoron a ce ta kai 'ya'yan mijinta ƙara. Ni ba faɗa nake so ba, amma kuɗin makarantar auta sai mun yi karo-karo. Ina za mu nufa?

Maman Ihsan: Allah sarki. 'Yar uwa ki yi haƙuri ki dage da addu'a. Duniyar nawa take? Wallahi duk wanda ya ci haƙƙin maraya Allah ba zai bar shi ba. Amma kada ki bari a ce ke ce kika wargaza gidan ubanki.

Zee Fagge: Maman Ihsan, da girmanki, wane gida ne ya rage da za a wargaza? Gidan da ake dawo da tuwon sallah? Wannan "ki yi haƙuri" ɗin shi ya kawo su nan tun 2019. Ko da yaushe mai rauni ake ba haƙuri, ba a taɓa zuwa a ba mai riƙe da kuɗin ba. 'Yar uwa, kotun Musulunci ba gidan yari ba ce, raba gado aikinta ne na yau da kullum. Ki bi maganar maigidanki.

Garba Mai Shadda: Zee, a yi a hankali. Na ga gidan da aka je kotu, alƙali ya raba daidai, babu wanda aka zalunta ko kwabo, amma yau ko gaisuwar mutuwa ba sa zuwar wa juna. Mai kawo sammaci yana sallama a ƙofar gida, unguwa ta gama ji. Yayan nan daga ranar ya daina jin kunyarki, kuma kunyar nan ita ce abin da ya rage miki a hannu. Ban ce kada a je ba. Na ce kada a fara da nan.

Malam Abu Hafsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku. Kafin a yi maganar wanda za a nufa, ya kamata ki san abin da ake jayayya a kai, domin da yawa ana shekaru ana gaba alhali babu wanda ya taɓa zama ya buga lissafin.

Bayan an fitar da bashin mamaci, da wasiyya in ya bari (ba ta wuce sulusi, kuma babu wasiyya ga magaji), sai rabo kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12. In dai iyayen marigayin sun riga shi rasuwa, to ku raba dukiyar kashi 80. Matan biyu suna da tumuni (ɗaya bisa takwas), wato kashi 10, kowacce 5. Saura 70. Kowane namiji 14, kowace mace 7. Kin ga ɗakinku, Mama 5, auta 14, ke da ƙanwarki 14, ya kama 33. Ɗakin Hajiya 47. Kuɗin hayar da aka karɓa tun ranar rasuwa ma a kan wannan lissafin yake, domin tun daga ranar dukiyar ta zama taku gaba ɗaya.

Batun kyauta kuwa, wanda ya yi da'awa shi ke kawo shaida. Kuma a mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu ke bi, kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓe ta a hannunsa tun mai bayarwa yana raye da lafiyarsa. Shi ake kira hauzi. In ba a yi haka ba har mai kyautar ya rasu, ta koma gado. Saboda haka tambayar mai sauƙi ce: kafin 2019, 'yan hayan nan wa suke biya? Sunan wa ke jikin rasit? In Yayanku yana karɓa ne yana miƙa wa Baba, to ɗan aike ne.

Maganar Baffa cewa abin kunya ne, Allah ya shirye mu, wanda ya yanka miki rabon bai ce ki ji kunyar karɓa ba.

Mai saƙo: Allah ya saka da alheri Malam. Kakanninmu sun daɗe da rasuwa. Mai shagon ɗinki tun ina 'yar firamare yake wurin, kuma na sha ganin yana kawo wa Baba kuɗi a zaure. Amma ban san abin da ya faru ba lokacin da Baba ya kwanta jinya.

Malam Abu Hafsa: To ai kyautar da aka yi a ciwon ajali hukuncin wasiyya take ɗauka, ga magaji kuwa ba ta zartuwa sai sauran magada sun amince. Amma kada ki je ki tare mai ɗinkin da kanki, za a ce kina haɗa shaidu. Ki bar wa wanda zai shiga tsakani.

Babban Wa: Ku ba ni dama in yi magana ko da ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Ni babba ne a gidanmu, kuma na zauna a kujerar da Yayan nan yake kai. Ba kare shi nake ba, riƙe gado ba daidai ba ne. Amma ƙanwata, ki amsa wa kanki waɗannan: da Baba yana asibiti wa ya biya? Rufin da ke yoyo da damina wa ke kiran kafinta? Ƙanwarki da aka aurar, in bayan rasuwar ne, gado da katifa da kayan kicin daga aljihun wa? Buhun shinkafar azumi fa?

Sau da yawa babban wa ba ɓarawo ba ne, mutum ne da ya cakuɗa kuɗin haya da kuɗin aljihunsa, bai rubuta komai ba. Ranar da aka ce kawo lissafi sai gabansa ya faɗi, don ya san ba zai iya fitarwa ba, sai ya fake da faɗa. In kuka zo masa da "ina kuɗinmu", kunnensa "kai ɓarawo ne" yake ji. In aka zo masa da "Yaya, faɗi abin da ka kashe mana a cire maka", wallahi wani mutum daban za ku gani.

Zee Fagge: Babban Wa, ai shi ya sa ake rabawa da wuri, kowa ya san nasa. Wa ya naɗa shi ma'aji? Kuma shinkafar azumin ɗaki ɗaya take shiga ko biyu? Tunda ga auta ana masa karo-karo.

Babban Wa: Ban musa ba Hajiya Zee. Ni dai na faɗi ta ƙofar da za a shiga ne.

Mai saƙo: Gaskiya asibitin Baba shi ya yi, wannan ba zan ɓoye ba. Kayan ɗakin ƙanwata kuma rabi shi rabi kawunnanmu. Shinkafa dai tun shekarar da Mama ta fara maganar rabo ta daina zuwa ɗakinmu.

Inna Talatu: 'Yata, ni tsohuwa ce, bari in tambaye ki abin da mazan nan ba su tambaya ba. Hajiyar nan shekarunta nawa a gidan? A nan ta haihu, a nan ta yi takaba. Duk sanda ta ji kalmar rabo, abin da take gani dillali ne ya shigo da baƙi suna leƙa ɗakinta. Kuna ta fama da ɗanta, ni kuwa ina zargin ita ce ke riƙe da ƙafarsa. Wane ɗa ne zai yarda a ce a hannunsa aka fitar da uwarsa ta koma haya?

Sannan kun yi kuskuren mutum. Baffa namiji ne, kullum suna tare da Yayanku a masallaci da wurin ɗaurin aure, ba zai so ya ɓata da shi saboda ku ba. Kawunnanki kuma dangin Mama ne, suna buɗe baki za a ce 'yan ubanci. Mahaifinku ba shi da 'yar uwa mace? Gwaggo ita ce ke shiga har ƙuryar ɗakin Hajiya ta zauna a bakin gado, ita ce kuma ke iya kiran Yayanku da sunan da ake kiransa yana yaro. Ki saya mata goro da turare ki je da kanki, kada ki yi waya. Kuma kada ki kai mata ƙara. Ki ce, "Gwaggo, gidan ɗan uwanki ya mutu, mun zo ki tashe shi."

Ummu Sudais: Inna kin gama magana. Ƙari ɗaya: matan yayye da mazan ƙanne su fita daga ciki. Maigidanki ya ba ki shawara a ɗaki, amma kada ya taka wurin zaman. Kuma a daina tura saƙon murya a WhatsApp na dangi. Abin da aka faɗa da baki ana iya mantawa, wanda aka naɗa kuwa sai a yi ta kunna shi ana sabunta fushi.

Habu Tela: Ni dai nawa, a nemi mai unguwa da liman. Su suka san marigayin, su suka san iyakar gidan.

Zee Fagge: In Yayan ne ke sayen man janareton masallacin fa?

Habu Tela: Kai Zee, ke kowa ma an saye shi kenan? Akwai masu tsoron Allah har yanzu.

Barista Nana: Bari in shimfiɗa hanyoyin da ke akwai a Kano in na gida ya gagara, don mutane suna ɗauka daga Baffa sai alƙali. Akwai Hukumar Hisba, wadda dokar jiha ta kafa a 2003. Hedikwatarta na Sharaɗa, tana da ofisoshi a ƙananan hukumomi, kuma sulhunta iyali na cikin manyan ayyukanta. Suna gayyatar ɓangarori, akwai malamai, akwai mata da Mama za ta iya sakin jiki da su. Sai dai sulhu suke yi, ba su da ikon tilasta raba gida in wani ya ƙi. Akwai kuma sashen sasanci na Babbar Kotun Jiha, wanda ake kira Multi-Door, an buɗe shi a 2009. A can ba a gaban jama'a ake zama ba, ɗaki ne da mai shiga tsakani.

Kotun Musulunci ita ce mai ikon rabawa ko ana so ko ba a so. Kuma a gyara fahimta: neman a raba gado ba tuhumar kowa da laifi ba ne, babu wanda za a ɗaure. Alƙalai da yawa ma da sun ga 'yan uwa ne sai su ce a koma gida a gwada sulhu a dawo.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne wannan. Ko a zauren gidanku aka daidaita, a rubuta. Waye ya sami me, nawa aka ƙiyasta gidan, yaushe za a biya, kowa ya sa hannu ko ya dangwala, shaidu su sa. Sannan a kai takardar kotu ta tabbatar da ita ta zama hukunci. Na ga sulhun da aka yi da kuka da fatiha da rungumar juna, bayan dattijon da ya haɗa shi ya rasu kowa ya ce ba haka aka yi ba.

Ɗan Damagaram: Barista gaskiya ne. Nan wajenmu Nijar doka ma ta ba sarakunan gargajiya ikon sasanta irin wannan, daga mai unguwa ko mai gari har fadar sarki, kuma in an daidaita takarda ake yi a sa hannu. Mutum ya tsallake su ya je gaban alƙali, sau tari tambayar farko ita ce, kun je wajen sarki? Amma mu ma matsalar guda ce, mata ba su cika zuwa da kansu ba, sai a wakilta musu wanda ake ƙara da shi.

Malam Abu Hafsa: Ana ruwaito wa Sayyidina Umar cewa a riƙa mayar da masu husuma har su yi sulhu, domin yanke hukunci yana gadar da ƙullaci. Wannan ita ce hujjar Alhaji Garba. Hujjar Zee kuma tana cikin hadisin da ya halatta sulhu tsakanin Musulmi, ban da sulhun da ya halatta haram ko ya haramta halal. Zaman da za a tara dattawa a sa mace ta ce "na yafe" don nauyin ido, ba ta ma san nawa ta yafe ba, wannan ba sulhu ba ne.

Ga damuwar Inna kuwa, fiƙihu yana da mafita. Ba dole a sayar wa bare ba. Magada na iya yarda wasu su fanshi rabon wasu, shi ake kira takharuji. A ƙiyasta gidan da shagunan, ɗakin Hajiya su riƙe gidan, ɗakinku ku karɓi shaguna gwargwadon 33 ɗinku, in da ragowa a cike da kuɗi. Ko da wani ya sayar da rabonsa a waje kafin a raba, abokan tarayya suna da haƙƙin shuf'a, su biya kuɗin su karɓe.

Garba Mai Shadda: Amma in haka ta faru Mama ina za ta zauna? Ita ma ai a gidan take.

Ummu Sudais: Tambaya ke nan. Wataƙila a yanke mata ɓangarenta a fitar mata da ƙofa, in gidan zai yanku.

Mai saƙo: Salamu alaikum, na dawo. Na bi shawarar Inna. Gwaggonmu tana Wudil, na je na same ta. Ta yi kuka, ta ce ita tana ganin komai amma babu wanda ya kira ta, ba ta son a ce ta yi shisshigi. Ta zo ta kwana a gidan, a ɗakin Hajiya. Inna, maganarki ce. Ashe wani ya taɓa gaya wa Hajiya wai Mama ta riga ta yi magana da dillali, abin da bai taɓa faruwa ba. Gwaggo ta kira aminin Baba na kasuwa, wanda suka yi shekaru suna zama rumfa ɗaya, shi ya je ya sami Yaya shi kaɗai. Yaya bai ƙara tada zancen kyauta ba. Ya yarda a zauna ranar Asabar a zauren aminin Baba, da liman. Amma ya kafa sharaɗi: a raba daga yau, kada a tambaye shi kuɗin hayar baya, shi ma ba zai nemi abin da ya kashe ba. Mama ta ce ita ta yarda don a zauna lafiya. Ni zuciyata ta kasu biyu.

Maman Ihsan: Alhamdulillahi! Ki karɓa 'yar uwa, ki karɓa da hannu biyu.

Zee Fagge: Hayar shaguna uku a bakin titi tun 2019, a shafe da kalma ɗaya? Ya saki zancen kyauta ne don ya san ba shi da shaida, yanzu yana so a biya shi ladan sakin.

Babban Wa: Ko kuma abin da na faɗa ne, ba shi da lissafin. Zee, mutumin da ya sauko daga "nawa ne" zuwa "a raba", a gaban aminin ubansa, ya haɗiye abu mai ɗaci. In aka matsa sai ya fito da rasit na shekara da shekaru, zai tashi daga tabarmar, kuma ba za ku sake zaunar da shi ba sai da sammaci.

Inna Talatu: Ba sai an tozarta shi a zaure ba. Aminin Baban nan ɗan kasuwa ne, ya san hayar shago a layin. Ya zauna da shi su biyu, ya ce ga abin da ya shigo a ƙiyasi, kai kuma faɗi abin da ya fita. Abin da za a kawo zaure sakamakon kawai.

Malam Abu Hafsa: Shawarar Inna ita ce daidai, kuma akwai dalilin da ya sa ba za a tsallake ta ba. Mama tana da ikon yafe nata. Ke da ƙanwarki kowacce tana da ikon yafe nata, bayan ta san ko nawa ne. Amma auta maraya ne da bai mallaki hankalin dukiya ba. Kashi 14 cikin 80 na hayar nan nasa ne, kuma babu wanda ke da ikon yafe masa, ko mahaifiyarsa. Aya ta 10 a Suratun Nisa'i a kan masu cin dukiyar marayu ta isa tsoratarwa, kuma wannan kariya ce ga Yayan kansa. A gaya masa da wannan lafazin: ba mu muke bin ka ba, haƙƙin yaron nan muke so a sauke maka daga wuya. A cire abin da ya tabbata an kashe wa auta, sauran ya zama bashi, ko a biya a hankali ko a ƙara masa a cikin shago.

Mai saƙo: Na fahimta Malam. To in an raba, wa zai riƙe wa auta nasa? Kada mu fita daga wannan mu faɗa wata.

Barista Nana: In Baba bai bar wasiyyi ba, wato wanda ya ba amanar kula da dukiyar yaron, kotu ce ke naɗa wanda zai kula da dukiyar, kuma za ku iya ba ta sunan wanda kuka amince da shi, ko Mama ko wani. Ku sa a cikin takardar cewa hayar rabonsa za ta riƙa shiga asusun banki da sunansa, a riƙa nuna wa mutum biyu lissafi duk shekara, ɗaya daga kowane ɗaki. Ranar Asabar ku tafi da takardun gidan ko kwafinsu. Kuma kada a dogara da ƙiyasin dillali guda: kowane ɗaki ya kawo nasa, in suka saɓa da yawa liman da aminin Baba su zaɓi na uku. Ƙanwarki ma ta zo da kanta, kada ta aiko.